Daga aji zuwa gardin dare: shekarar farko ta sabbin ma'aikatan jinya a Nijar

A watan Satumba, lokacin da hatsi ya fidda kai kuma sauro ya cika gari, cibiyoyin kiwon lafiya na karkara da kowa ya fi sani da CSI ba su san dare ba. A yankunan Magariya, Matamai, Madarunfa da Gidan Runji, amalanke da kabu-kabu na sauke uwaye tun daga magariba har asuba, kowace da yaro a goye, jiki zafi rau. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke tarbarsu, wato wanda gardi ya faɗo kansa. Kuma ba abin mamaki ba ne a tarar wannan mutum ɗaya bai fi wata uku ko huɗu da fara aiki ba.

Abin da ke jiransa ya san shi a takarda. Zai soki yatsan yaron ya ɗiga jini a kan ɗan gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya jira minti 15. Zai ɗora shi a sikeli, domin allurar artesunate da nauyi take tafiya: miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya wuce. Zai nemi jijiya a hannun da gudawa da amai suka tsotse, wani lokaci da hasken wayar da uwar ke riƙe masa. Sannan ya buɗe tafin hannun yaron, ya ja fatar ido. Idan ya ga fari fat, yaron jini yake bukata, CSI kuwa ba ta ƙarin jini. A nan ne zai yanke shawarar da ba a yankewa a aji: a tura shi asibitin gunduma yanzu, cikin dare, a hanyar da korama ta yanke, ko a jira gari ya waye? Uban yaron na tsaye a bakin ƙofa yana tambayar kuɗin mota.

Duk wannan da jarrabawa ce, da ya ci. Bambancin shi ne a daren nan babu malami a bayansa da zai gyaɗa kai ya ce masa haka ne, ci gaba.

Ƙasar na horar da ma'aikatan jinya a makarantun gwamnati irin su ENSP ta Yamai, mai ɗauke da sunan Damouré Zika, ma'aikacin lafiyar nan da duniya ta sani a fina-finan Jean Rouch, da takwararta ta Damagaram. Bayan su akwai makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a kusan kowane babban gari. Karatun akasari na shekaru uku ne, haɗe da sitaj a asibitoci. Sai dai duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a babban asibiti ya ga yadda sitaj ɗin yake: ɗalibai cikin fararen riguna sun kewaye gado ɗaya, na baya na leƙe ta kafaɗar na gaba. Mai ƙwazo da rashin kunya yana samun sa hannu. Mai kawaici zai iya gama watanni yana ɗaukar zafin jiki da rubuta suna a rajista, bai taɓa sa wa jariri ƙarin ruwa da hannunsa ba.

Bayan difloma sai jira. Ɗaukar aiki na gwamnati ba kullum ake yi ba, don haka da yawa ke farawa da aikin sa kai a wata likita ta unguwa, babu albashi, sai ɗan abin da majo ya ga dama ya ba su na kabu-kabu. Wasu na shiga hidimar ƙasa, wasu kwantaragi, wasu na yin gardi a asibitocin kuɗi don kada hannu ya manta. Abin mamaki ne a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2023 cikin jerin ƙasashe 55 da suka fi fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya: masu difloma na zaune a Yamai da Maradi suna jiran kira, alhali akwai CSI a daji da mutum biyu ke riƙe da ita dare da rana.

Idan kiran ya zo, galibi dajin ne. Tsarin lafiyar Nijar ya dogara ne a kan ma'aikacin jinya fiye da likitan da ya yi dogon karatu. A ƙasa akwai ƙananan gidajen likita na ƙauye, waɗanda aka gina da yawansu a zamanin shirin musamman na marigayi Tandja Mamadu, sai CSI sama da 1,000, sannan asibitocin gunduma da na jiha. A mafi yawan CSI babu dokta. Wanda aka koya wa ya bi umarnin likita sai ya tarar shi ne likitan, kuma haka mutanen gari ke kiransa. Shi zai duba, shi zai rubuta magani, shi zai ɗinke wanda ya faɗi a kan babur, shi zai fita rigakafi ƙauyuka da akwatin sanyi a bayan moto. Idan ungozoma ba ta nan, shi zai karɓi haihuwa.

A Amurka, wata malamar jinya mai suna Marlene Kramer ta rubuta littafi a 1974 kan wannan girgiza da sabbin ma'aikata ke ji idan abin da aka koya musu ya yi karo da abin da suka tarar. Ta lura cewa bayan murnar farko akan shiga wani lokaci na ɗaci da gajiya, wanda daga cikinsa wasu ke barin aikin, wasu kuma su saki duk abin da suka koya su bi yadda ake yi. Asibitocin can sun fito da tsarin haɗa sabo da tsohon ma'aikaci na wasu watanni kafin a bar shi shi kaɗai. A nan gida binciken da ya fi taɓa lamarin shi ne wanda Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, suka jagoranta suka wallafa a 2003 kan zaman da ke tsakanin ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai. Sun bayyana abubuwan da kowa ya sani amma ba a cika rubutawa ba: tsawa, rashin gaisuwa, fifita mai hanya a kan wanda bai san kowa ba, ɗan abin da ake karɓa a gefe. Wani abin da masu binciken na LASDEL suka daɗe suna nanatawa shi ne ba a makaranta ake koyon waɗannan halaye ba. A wurin aiki ake ɗaukarsu, daga na gaba.

Nan ne shekarar farko take da nauyi. Sabuwar ma'aikaciya ta zo da dokar aji: a wanke hannu kafin kowane mara lafiya, a cika takardar bin naƙuda sa'a bayan sa'a, a yi wa uwa bayani. Ta tarar da wata dokar da ba a rubuta ba: takardar naƙuda bayan an haihu ake cika ta gaba ɗaya, safar hannu ɗaya na iya zagaya mutum uku idan kwali ya kusa ƙarewa, mai yawan tambaya ana yi mata tsawa don layi ya tafi. Idan ta nace wa dokar aji, za a ce ƴar makaranta ce mai iyayi. Idan ta bi ta wurin, za a karɓe ta a ci abinci da ita. Yarinya mai shekara 23, nesa da gida, wadda waɗannan abokan aikin su ne kaɗai mutanenta a garin, ba wuya a gane inda za ta karkata.

Ba adalci ba ne a ɗora duka laifin a kan tsofaffin ma'aikata. Da yawa daga cikin dabarunsu talauci ne ya haife su. Wanda ke duba mutum 80 a yini ba zai ba kowa minti 20 ba, kuma wanda pamponsa ya ƙafe ba zai wanke hannu sau 80 da jarka ɗaya ba. Wasu dabarun ma su ne ke ceton rai: tsohon majo yakan gane yaron da zai sheme tun yana bakin ƙofa, daga yadda kansa ke lilo a bayan uwa, ya tsallake layi ya ɗauke shi. Babu littafin da ke koyar da wannan idon. Matsalar sabo ita ce bai da ma'aunin da zai rarrabe gajeriyar hanyar da gogewa ta haifa da wadda sakaci ya haifa, domin dukansu da murya ɗaya ake gaya masa su: a nan haka muke yi.

Tamowa misali ce mai kyau. Tun bayan yunwar 2005, wadda ta sa Maradi a bakin duniya, Nijar ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi sanin yadda ake jinyar yaro mai tamowa. Akwai igiyar auna damtse, wadda jan ɓangarenta ke farawa ƙasa da milimita 115, akwai kwamaso na gyaɗa da ake ba uwa ta tafi da shi gida, akwai madarar F-75 ga waɗanda aka kwantar. Ƙa'idar ta ce yaro mai tamowa mai tsanani ba a gaggauta sa masa ruwa ta jijiya, domin zuciyarsa ta yi rauni, ruwan na iya kashe shi. Amma iyaye sun yi tafiyar kilomita 15, kuma a ganinsu likitan da bai yi allura ko ƙarin ruwa ba bai yi komai ba. Kaka na cewa, ɗana, ka sa masa ruwa mana. Sabon ma'aikaci na tsakanin abin da ya sani da idon dattijuwar da ta yi jika da shi. Wanda ya taɓa ganin babba ya zauna ya yi wa irin wannan kakar bayani cikin ladabi zai iya kwaikwaya. Wanda bai taɓa gani ba, ko ya yi tsawa ko ya rataya ruwan.

Sai kuma harshe. An yi karatun da Faransanci, aikin kuwa da Hausa, Zabarmanci, Barebari, Fulatanci ko Buzanci ake yin sa. Ɗan Yamai da aka tura yankin Gure ko Abalak zai yi watanni yana neman mai fassara, wani lokaci mai gadi, wani lokaci ɗan mara lafiyar. Ko Bahaushe ma sai ya sake koyo. Mace ta ce zahi ne ke damunta, ko ta ce yaro na haƙora, ko iska ta taɓa shi, kuma kowace kalma na iya ɓoye cuta uku. Saurayi marar aure da aka bar wa ɗakin awo yana fuskantar matan da ba za su buɗe baki a gabansa ba, balle mazansu su yarda.

Batun kuɗi ma a kansa yake fashewa. Tun 2006 jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta ne a hukumance, kuma a watan Agustan 2024 hukumomi sun sanar da rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, tare da mayar da haihuwa kyauta. Sai dai shekara da shekaru cibiyoyi na kukan jinkirin biyan su kuɗin wannan kyautar, abin da ke barin kantar magani wayam. Idan maganin ya ƙare, sai a rubuta takarda a ce a je a saya. Uban da ya ji a rediyo cewa kyauta ne ba ministan zai gani ba, yaron da ke riƙe da biro zai gani, kuma shi zai kira ɓarawo. Ƴan uwa da ke Legas, Akara, Aljeriya ko Libiya sun san ƙarshen wannan zancen, domin su ake bugo wa waya da tsakar dare a ce a turo na magani da na mai.

Inda aka gwada tsayawa kusa da sabo, an ga bambanci. A Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton mutuwar yara kusan 10 a kowace rana a lokacin tsananin 2018, da kuma Madarunfa, inda har daga jihar Katsina ake kawo yara, akan ɗauki ƙarin ma'aikata na wucin gadi kafin damina, a horar da su, a sa su aiki ƙarƙashin idon wanda ya riga su. Matasa da dama a jihohin Damagaram da Maradi a irin waɗannan ɗakunan hannunsu ya faɗa. Amma wannan makaranta ce da kuɗin waje ke riƙe da ita, kuma kuɗin wajen na ja da baya tun da Amurka ta rage tallafinta a 2025. A sauran wurare abin da ya rage shi ne ziyarar duba aiki daga gunduma, wadda ta dogara da samun mota da mai, kuma takan ƙare a kan rajista maimakon a bakin gado.

Don haka matasan suka ƙirƙiro nasu. Kusan kowane aji da ya fita yana da rukuninsa na WhatsApp, inda da ƙarfe biyun dare wani zai turo hoton ƙurji ko lissafin allura ya ce a duba masa. Amsa takan zo da sauri, daga abokin da shi ma gardi yake yi a Tawa ko Doso. Wani lokaci daidai ce. Wani lokaci makaho ne ke jan makaho, kuma hoton mara lafiya ya shiga wayoyi 40 ba da saninsa ba. Masu sa'a su ne waɗanda ke da lambar wani tsohon malami ko wata ungozoma da ba ta kashe waya da dare.

Zuwa Nuwamba zazzaɓin yakan lafa. Layin ya ragu, an kai amfanin gona rumbu, sabon ma'aikacin ya iya samun jijiya a karo ɗaya kuma ya san sunan maigari da na limami. Wasu daga cikin ƴan ajinsa sun riga sun fara neman canjin wuri zuwa birni, mata da dama ta hanyar takardar bin miji, wasu sun koma sayar da magani. Shi kuwa a ƙarshen wata zai zauna da rajistoci ya haɗa rahoton da gunduma ke jira, ya ƙirga na zazzaɓi, na tamowa, na haihuwa da waɗanda aka tura gaba. Daga Janairu hunturu da ƙura za su kawo tari da ƙyanda, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo da fargabar sanƙarau.