Komawa Ga Nafkin: Lafiyar Jariri Tana Cikin Bokiti

A shekarun 1970 da 1980, duk wanda ya ratsa unguwannin ma'aikata a Kaduna ko Zariya ko Kano da hantsi, ba ya buƙatar a nuna masa gidan da aka yi haihuwa. Igiyar shanya ce ke ba da labari, ga fararen nafkin nan jere reras, iska tana kaɗa su. Daga baya kunzugun zamani da jama'a ke kira famfas ya shigo, ya kori nafkin daga gidaje da dama, har aka sami 'yan matan da suka girma suka yi aure ba su taɓa ganin yadda ake naɗe shi ba. To, ga shi tsadar rayuwa ta sa magidanta da yawa sun waiwayi tsohuwar hanya. Sai dai kuma nafkin ya dawo ya tarar an manta da abokin tafiyarsa, wato bokiti mai murfi, alhali kuwa a cikin wannan bokiti ne ake tsare cuta ko kuma a sake ta ta bazu cikin gida.

Asalin kunzugun da ake yarwa daga ƙasashen Turawa ne. A 1946 wata Ba'amurkiya mai suna Marion Donovan ta ɗinka wandon da ruwa ba ya ratsawa domin a sa a kan nafkin, sa'an nan a 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers, wanda sunansa ya zama sunan duk wani kunzugu irinsa a bakin Bahaushe. A Nijeriya kuwa, bayan da aka sake wa Naira mara a kasuwar canji cikin watan Yuni na 2023, farashin kayan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. A watan Disamba na wannan shekara Procter & Gamble ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a ƙasar, a 2024 kuma kamfanin Kimberly-Clark mai yin Huggies ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Jihar Legas.

Lissafin ba shi da wuya ga ƙaramin ma'aikaci. Idan aka ɗauka yaro yana ɓata kunzugu 6 a rana, a shekara 2 zai ci 4,380, kowane ɗaya kuɗi ne da za a jefa a bola. Nafkin dozin 2 kuwa, in an kula da su, za su raini yaro har ya bar su, su kuma jira ƙanensa. Amma wannan riba ba ta tabbata sai da tsafta, domin abin da aka tsimi daga kanti yana iya ƙarewa a kantin magani.

Dalili kuwa shi ne, akwai wani kuskure da ya daɗe a zukatan mutane, cewa kashin jariri ba shi da illa kamar na babba. Masana kiwon lafiya sun tabbatar da akasin haka. Ƙananan yara su suka fi yawan kamuwa da gudawa, saboda haka kashinsu yakan fi ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ta wannan hanya ce ƙwayar rota mai kawo amai da gudawa ke yaɗuwa, wadda Nijeriya ta shigar da rigakafinta cikin jerin rigakafin yara a watan Agusta na 2022. Haka nan cutar shan inna: yaron da ya kamu yakan yi makonni yana fitar da ƙwayar a kashinsa, ko da bai nuna wata alama ba. Ashe ke nan nafkin da aka jefa a lungun ɗaki, ko aka bari a buɗe ƙudaje suna sauka a kai suna tashi zuwa kwanon tuwo, ba ƙaramin haɗari ba ne ga gida duka.

Yadda ake sarrafa bokiti

Abu na farko, a ware bokiti guda mai murfin da ke rufuwa ruf, kada ya yi wani aiki sai wannan. Ba a ɗebo ruwan sha da shi, ba a wanke-wanke a cikinsa. Da zarar an kwance wa yaro nafkin, a kakkaɓe kashin a masai ko shadda, a ɗauraye wurin da ruwan buta a bakin masan, a matse, sa'an nan a jefa a bokiti a rufe. Ruwan sanyi ya fi dacewa da wannan ɗaurayar farko, domin ruwan zafi yakan sa tabo ya kama yadi. Bayan haka sai wanke hannu da sabulu, wanda shi ne matakin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi kowane muhimmanci.

A da, al'ada ita ce a cika bokitin da ruwa, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar nafkin ya kwana a jiƙe. A yau an fi ba da shawarar a ajiye shi ba tare da ruwa ba, bisa dalilai uku. Na ɗaya, ruwan da ya daɗe da ƙazanta a ciki, musamman a zafin bazara, yakan zama matattarar ƙwayoyin cuta. Na biyu, doguwar jiƙa tana cinye zaren yadi. Na uku kuwa shi ya fi tayar da hankali: yaron da ya fara tatata kansa yana da nauyi, yakan rinjaye shi, in ya leƙa bokiti ya rufta da ka, ba ya iya fitar da kansa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi cikin 'yan mintoci ba tare da an ji motsinsa ba. Saboda haka in jiƙawar ta zama dole, a taƙaita ta, a kuma ajiye bokitin inda yaro ba zai kai ba.

Akwai kuma gargaɗi game da bilic. Fitsarin da ya jima yakan rikiɗe ya fitar da sinadarin amoniya, wanda shi ne warin nan mai yaji da ke bugun hanci in an buɗe murfi. Idan bilic ya haɗu da amoniya, sai su ba da wata iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Don haka ba a tsiyaya bilic a kan nafkin da ba a ɗauraye ba, ba a kuma haɗa shi da wani maganin wanki. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, a yi aikin a sarari inda iska ke wucewa.

Wanki da shanya

A ƙasa mai zafi, bai kamata nafkin ya wuce kwana ɗaya a bokiti ba. A wanke shi shi kaɗai da sabulu da ruwan zafi, kada a gama shi da sauran tufafi. In yaro yana gudawa, ko nafkin ya soma riƙe wari, a tafasa shi kamar minti 10 a tukunyar da aka keɓe. Ɗauraya ita ce rabin aikin: a yi ta canza ruwa har kumfa ta ɗauke, domin ragowar sabulu tana hana yadi shan ruwa, tana kuma cin fatar yaro. Ruwan wankin kuwa masai ne wurinsa, ba tsakar gida ko kwatar da ke fita titi inda yaran unguwa ke wasa ba. Shi ma bokitin a wanke shi, a kife a rana.

Wajen shanya, Allah ya hore wa ƙasar Hausa abin da Turawa ke sayen inji dominsa. Hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, yana kuma cire tabo. Amma a shanya a igiya, a tsakiyar rana, kada a shimfiɗa a ƙasa ko a inuwa. Akwai wani ƙuda a ƙasashen Afirka masu zafi, wanda likitoci ke kira tumbu, da ke nasa ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, ko a tufa mai laima. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar sai ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, ta yi kwana 8 zuwa 12 tana girma kafin ta fito. Guga da dutse mai zafi tana kashe ƙwan da tsutsar. Ashe iyayen da suka dage kan goge nafkin ciki da baya ba ƙawa kaɗai suke yi ba. Da damina, lokacin da kaya ke jinkirin bushewa, gugar ta zama wajibi.

Game da ƙurajen da ke fito wa jariri a mazaunai da matsematsi, galibi ba laifin yadi ba ne, laifin jinkiri ne. Idan fitsari da kashi suka haɗu suka daɗe a jikin fata, amoniya takan ƙara wa sinadaran da ke cikin kashi ƙarfin cin fata. Wandon roba da ake ɗorawa a kan nafkin yana ƙara tsananta abin, domin yana hana iska shiga. Jariri sabon haihuwa yakan buƙaci canji sau 8 zuwa 12 a rana. A wanke shi da ruwa, a tsane, a bar shi ya sha iska, a shafa masa basilin ko man kaɗanya. In ƙurajen sun wuce kwana 3, ko sun yi ja wur sun shiga cikin matsematsi, a tafi asibiti, kada a sayi man shafawa a kemis da ka.

Wannan tsari bai saɓa wa abin da addini ya koyar ba. A mazhabar Malikiyya, fitsarin jariri najasa ne da ake wankewa, namiji ne ko mace, ko da yake malamai sun yi rangwame ga tufar mai shayarwa muddin tana iyakar ƙoƙarinta, suka kuma so ta keɓe wata tufa domin salla.

Abin da ya rage shi ne wanda zai yi aikin. Ma'aikaciyar da ke fita ofis da safe takan bar jariri a hannun 'yar raino, wadda sau da yawa ita ma yarinya ce da ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Wajibi ne a nuna mata komai daki-daki, tun daga kakkaɓewa har zuwa wanke hannu. Maigida kuma nasa rabon shi ne ruwa da sabulu da gawayi, domin nafkin ba ya wankuwa da jarka ɗaya, kuma uwar da aka ƙuntata wa ruwa dole ta rage ɗauraya. Ɗaliban makarantun koyon kiwon lafiya da na horon malamai, waɗanda gobe za su tsaya gaban mata a ɗakin awo da azuzuwan yaƙi da jahilci, su ma ya kamata su riƙe wannan darasi da kyau.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Nafkin tsohuwar zuma ce, amma ba ya magani sai an haɗa shi da bokiti mai murfi, da sabulu, da rana, da dutsen guga. Gidan da ya cika waɗannan ya tsira da kuɗinsa, ya kuma tsira da lafiyar ɗansa.