Daga Kwatar Zango Zuwa Bakin Teku: Yadda Ake Lissafa Dattin da Kogi Ke Ɗauka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen buhun takin zamani ya san haruffan nan uku da ake bugawa a jikinsa, wato NPK. Harafin farko yana nufin naitirojin, na biyu kuma fosfaras. A gona waɗannan sinadarai abinci ne ga shuka, amma idan suka yi yawa a cikin ruwa sai su zama annoba. Wannan takarda za ta bi sawunsu daga Zangon Kumasi har zuwa gaɓar tekun Gini, ta kuma nuna yadda masana ke lissafa su.

Hanyar ruwa

Rafin Subin ya ratsa tsakiyar Kumasi, rafin Aboabo kuma ya bi ta unguwannin da Hausawa da sauran mutanen arewa suka fi yawa. Ruwan wanka da na wanke-wanke, da kashin dabbobi, da abin da ya tsiyaye daga salga, duk kwata ce ke kai su cikin waɗannan rafuka. Su kuma suna zubawa a kogin Oda, Oda ya shiga Offin, Offin ya haɗu da Pra, Pra kuwa ya faɗa teku a garin Shama, gabas da Sekondi. Ke nan matar da ta watsa ruwan wanki a Aboabo da masuncin da ke jefa koma a Shama, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ko da yake ba su san juna ba.

Idan sinadaran suka isa ruwan da ba ya gudu sosai, sai gansakuka ta yi ta hayayyafa. In ta mutu ta nutse, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Kifin da zai iya gudu ya gudu, sauran ya mutu. Misalin da aka fi sani shi ne na tekun Mekziko, inda kogin Misisifi na Amurka ke zuba: a shekarar 2017 faɗin wurin da iskar ta yi ƙaranci ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Mene ne samfurin lissafi?

A nan mun zaɓi mu kira abin "samfurin lissafi". Wasu kan ce "kwaikwayo", amma ga kunnen Bahaushe wannan kalma wasa take tunawa. Samfurin dai tamkar littafin ɗan kasuwa ne da aka sa a kwamfuta: nawa ya shigo, nawa ya salwanta a hanya, nawa ya isa. Daga cikin sanannu akwai SWAT, wanda ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙirƙira, da Global NEWS, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2005 game da kogunan duniya baki ɗaya.

Bari mu gwada da hannu. Mutum ɗaya yakan fitar da kusan kilo 4 na naitirojin a shekara, mafi yawansa a fitsari, da kusan rabin kilo na fosfaras. Mutum miliyan ɗaya ke nan tan 4,000 na naitirojin. A kan wannan za a ƙara na dabbobi, da takin da ruwan sama ya wanke daga gonakin koko da na masara. Wannan shi ne shafin shigowa.

Shafin salwanta ya fi wuya. Wani ɓangare yana tsayawa a ramin salga ya sauka cikin ƙasa. Masu lambu da ke ban ruwan latas da kabeji da albasa a bakin rafukan Kumasi suna janye wani, domin wannan ruwa taki ne na kyauta, duk da haɗarin cutar da ke cikinsa. A fadama kuma wasu ƙwayoyin halitta suna mayar da naitirojin iska ya tashi sama. Fosfaras shi maƙalewa yake yi a jikin laka, ya kwanta a gindin kogi har sai ambaliya ta tashe shi. Shi ya sa lissafin rani da na damina ba sa zama ɗaya, ga shi kuwa Kumasi damina biyu gare ta a shekara.

Inda lissafin ke tangarɗa

Yawancin irin waɗannan samfura an gina su ne a ƙasashen da kusan kowane gida ke haɗe da bututun ƙazanta, inda za a iya tsayawa a bakin bututu guda a auna. A Kumasi kuwa unguwanni ƙalilan ne, irin su Asafo da Ahinsan da Chirapatre, ke da wannan tsari. A Zango gidan haya ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa, mutane da dama kuma masai na jama'a suke zuwa. Samfurin da ya ƙirga masu bututu kawai zai ce dattin Zango bai kai kogi ba, alhali ko yaro ya san inda kwata ta nufa. A ganina nan ne kuskure mafi girma yake shiga, ba a ƙwarewar kwamfuta ba.

Sai kuma haƙar zinariya ta bayan fage, wadda mutanen Gana ke kira galamsi. Ta mayar da Offin da Pra jajaye kamar kunun kanwa. Lakar tana ɗauke da fosfaras, amma kuma tana tare hasken rana, gansakuka kuwa ba ta girma sai da haske. Saboda haka ɓarnar na iya ɓuya a cikin kogi, ta bayyana can inda lakar ta kwanta.

Tekun ma ba fanko ba ne. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Gana da nasa sinadaran, kuma lokacin ne masunta Fanti ke samun kifi da yawa. Ciyawar teku da ta riƙa cika gaɓar yammacin Gana tun daga 2011 ma daga tsakiyar tekun Atilantika take zuwa, ba za a ɗora wa Pra alhakinta ba tare da awo ba.

Hukumar Albarkatun Ruwa ta Gana, wadda doka ta kafa a 1996, ita ke da alhakin kula da kwarin Pra. Samfuri mai kyau zai taimaka mata ta amsa tambayar da ta shafi aljihun kowa: in kuɗi kaɗan ne a hannu, gina masai a Aboabo ya fi rage dattin da ke isa Shama, ko kare fadamun bakin Oda daga masu gini?