Kifi mai zarto: abin da ke gaskiya da abin da ke ƙarya a saƙon da ake yaɗawa

Wani saƙo yana ta zagaya zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwarmu masu fatauci tsakanin Kano, Maraɗi da Kwatano. Hoton wani kifin teku ne mai dogon baki kamar zarto, a ƙarƙashinsa bayanai biyar, a ƙarshe kuma tallar busasshen bakin kifin ga mai so.

Huɗu daga cikin bayanan ba za su ci mana lokaci ba. Cewa kifin yana jikin kuɗin sefa gaskiya ne: tambarin bankin BCEAO siffarsa ce, an ɗauko ta daga ma'aunin zinariya na tagulla da mutanen Akan ke amfani da shi a da. Cewa yana yanka jiragen ruwa tatsuniya ce, da zarton yake gano ƙananan kifaye ya make su. Cewa shi kifin shak ne kuskure ne, danginsa su ne faffaɗan kifayen nan masu kafofin numfashi a ƙasan jiki. Batun garin zarton yana maganin cuta kuwa, babu gwajin likitanci da ya tabbatar da shi.

Na biyar ne mai ɓarna. Saƙon ya ce macen kifin tana haihuwa ba tare da namiji ba, don haka ba zai taɓa ƙarewa ba, hana kamunsa dabara ce kawai ta Turawa.

Wanda ya yarda da wannan ban ga laifinsa sosai ba, domin maganar tana da tushe. A 2015 masu bincike a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na kifaye 190 da aka kama a kudu maso yammacin jihar Fulorida aka sake su. Bakwai daga cikinsu ba su da uba. Lafiyarsu ƙalau, kuma dukkansu mata ne. Amma wanda ya tsara saƙon ya karanta kanun labari ya tsaya nan, ko kuma ya karanta sauran ya ɓoye saboda yana da kayan sayarwa.

Bakwai cikin 190 ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Masu binciken kansu sun yi hasashen cewa ƙarancin mazan ne ke jawo abin, wato mace ta nemi miji ta rasa. Sannan 'yar da aka haifa haka ba ta samun gado daga ɓangare biyu. Wani yanki na gadon uwarta ne ya ninku, saura ya salwanta. Duk lahanin da ke ɓoye a jinin uwa yana iya fitowa fili, kuma zuriyar na ƙara zama iri ɗaya. Manomi ya san wannan: gonar da aka shuka da iri ɗaya tak, cuta ɗaya ke kwashe ta. Bambancin gado tsakanin kifaye shi ke sa wasu su tsira idan annoba ta zo ko ruwa ya sauya.

Akwai labari mai daɗi da saƙon bai ma sani ba. Wani bincike na 2011 ya nuna cewa kifayen Fulorida suna da sauran bambancin gado mai yawa, duk da an ƙiyasta yawansu ya ragu da kashi 95 cikin ɗari. Ma'anarsa suna iya farfaɗowa idan an bar su. Wannan sakamako na Fulorida ne kaɗai, inda dokar tarayyar Amurka ke kare kifin tun 2003. Ba a ɗora shi a kan gaɓar Afirka ta Yamma, inda ganin kifin ya zama sai tsofaffin masunta su ba da labari.

Abin da ke kashe shi sananne ne. Zarton nan yana sarƙewa a cikin kowace irin raga, ana sare dazukan bakin teku inda 'ya'yansa ke girma, ana kuma sayen fuka-fukansa da tsada. Ga shi ba ya zuba dubban ƙwai kamar tarwaɗa. Mace sai ta yi shekaru kafin ta balaga, ta haifi 'ya'ya kamar 7 zuwa 14, yawanci shekara biyu-biyu. Nau'insa biyar ne a duniya, duka suna cikin haɗarin ƙarewa, kuma nazarin 2021 ya nuna ya ɓace a fiye da rabin ƙasashe 90 da aka san shi a cikinsu.

Hanin ma ba na Turawa kaɗai ba ne. Tun 2007 yarjejeniyar CITES ta fara haramta cinikin kifin da sassansa tsakanin ƙasashe, aka kammala da nau'in ƙarshe a 2013, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar. Ɗan kasuwar da ya ɗauko zarton ya tsallaka iyaka da shi ya saka kansa cikin rigima da kwastan, ya kuma ba masunci dalilin kashe na gaba. Idan saƙon ya zo maka, kada ka tura shi, ka kuma gaya wa wanda ya turo maka cewa bakwai ne cikin 190.