Kiwon Murjani da Kifin Teku a Gida: A Tanadi Kaya Kafin a Sayi Kifi

Ba dukan kiwo ake yi don nama ko nono ko ƙwai ba. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane da yawa masu kiwon kifin teku da murjani mai rai cikin tankin gilashi a ɗakinsu, don sha'awa. Waɗansu har sukan ɓalli rassan murjanin su sayar, kamar yadda mai lambu ke sayad da dashe. Kiwo ne mai cin kuɗi ƙwarai, babbar hanyar hasara a cikinsa kuwa ita ce mutum ya sayo kifi tun bai gama lissafin kayan aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MENE NE MURJANI?

Mata sun san jan murjani na ado, wanda ake cirowa daga Bahar Rum. Wanda ake kiwo danginsa ne, na ruwa mai ɗumi. Ko da ya ke ya yi kama da dutse ko itace, dabba ce ƙanƙanuwa, dubbai ke zama wuri ɗaya, suna gina wa kansu gida da irin sinadarin alli. Gidajen nan su ne kan taru su zama tudu a ƙarƙashin ruwa, kamar waɗanda ke Bahar Maliya kusa da Port Sudan da Jidda, da babban nan na Ostareliya mai tsawon kilomita 2,300.

A cikin jikin murjani akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, ita ce ke yi masa yawancin abincinsa da hasken rana. In ruwa ya yi zafi ya kan kore ta, ya yi fari fat, in kuwa zafin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a tekuna da yawa cikin 1998 da 2016.

An buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na London cikin 1853, amma aka yi shekara fiye da ɗari murjani mai tauri bai yarda ya yi girma a gida ba. Masu kiwo na birnin Berlin ta Jamus ne, daga wajen 1970, suka gane haɗa abu uku: dutse mai rai, da injin kumfa, da haske mai ƙarfi. Har yanzu a kan hanyar nan ake tafiya.

NAUYI DA WURIN AJIYEWA

A ɗauki misalin tanki mai tsawon santimita 200, faɗi 70, zurfi 70. Zai ci kusan lita 1,000, watau duro biyar. Ruwan kaɗai ya kai tan ɗaya. In aka haɗa da gilashi da duwatsu da yashi da teburin ƙarfe, sai ya tasam ma tan ɗaya da rabi, kamar a tara buhun taki 30 a wuri ɗaya. Saboda haka sai a ajiye shi a kan daɓen siminti a ƙasa. Wanda ke so ya hau da shi bene, lalle ne ya fara kiran injiniya ya duba. Teburin kuma ya zauna daidai, gama in ya karkace nauyin zai koma gefe ɗaya, gilashi ya tsage. A auna ƙofa tun kafin a yi oda, a kuma bar wuri a baya inda hannu zai shiga.

RUWA DA GISHIRI

Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Ke nan cika tankin nan sau ɗaya zai ci kilo 35 ko ɗoriya. Gishirin miya ba ya yi, don ba shi da kalshiyam da magniziyam da sauran abubuwan da murjani ke gini da su. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don wannan kiwo.

Ruwan famfo ko na rijiya ma ba ya yi sai an tace shi da matata mai matse ruwa ta cikin wata siririyar fata. Irin ta gida ta kan zubad da lita uku ko huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai kyau, sai a shirya inda za a kai ragowar, ko lambu ko wanki. Ana bukatar duron roba biyu, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na dama gishiri. Kowane mako biyu akan sake kashi ɗaya cikin goma na ruwan, watau lita 100, gishiri kilo uku da rabi. A shekara ya zama kilo 91. Wanda ba shi da tabbacin inda zai riƙa samun gishirin nan, kada ya fara.

Ruwa ya kan ragu kullum saboda tururi, amma gishiri ba ya tashi, yana nan. Don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake ciko. Akwai ɗan famfo mai yin wannan da kansa. A kuma sayi ma'aunin gishiri. Awon da ake nema shi ne 1.025 zuwa 1.026.

Abu ɗaya kada a manta: jan ƙarfe da tagulla dafi ne ga murjani. Dukan bututu da kan famfo su zama na roba.

TANKIN ƘASA DA INJIN KUMFA

A ƙarƙashin babban tanki akan sa ƙarami, inda ruwa ke gangarowa a tsabtace shi, sa'an nan famfo ya mai da shi sama. Famfon ya iya juya ruwan kamar sau biyar a awa. Ba a cika tankin ƙasa, domin in wuta ta ɗauke, ruwan da ke cikin bututu da na saman babban tanki zai sauko. In bai sami wuri ba sai ya malale ɗaki. Kafin a sa kifi, a kashe wuta da gangan a ga iyakar inda ruwan ke tsayawa.

Injin kumfa a nan yake zama. Yana busa iska cikin ruwa, ƙazanta ta manne wa kumfa, ta taru a kofi, a zubar. A zaɓi wanda aka yi don girman tankin.

MOTSIN RUWA DA HASKE

Murjani ba ya tafiya, ruwa ne ke kawo masa abinci, ya kuma kwashe masa ƙazanta. Murjani mai tauri yana son ruwa ya juya sau 20 zuwa 50 a awa, watau lita 20,000 ko fiye a tankin nan. Gara ƙananan famfo biyu ko uku da babba ɗaya, don in ɗaya ya tsaya sauran su ci gaba. Fitilu kuwa na musamman ne, masu rinjayen shuɗi, suna ci awa 8 zuwa 12 a yini. In tanki ya cika zurfi haske ba ya kai ƙasa sosai, sai kuɗin fitila ya ƙaru.

ZAFI DA WUTAR LANTARKI

Ana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana. A ƙasar sanyi injin ɗumama ruwa ake nema. A ƙasar zafi, inda bazara ke kai digiri 40, tilas sai da injin sanyaya ruwa, a ajiye shi inda iska ke ratsawa.

Ga misalin lissafin wuta. Fitilu wat 400, awa 10, yunit 4. Famfuna wat 150, dare da rana, yunit 3.6. Injin kumfa wat 40, kusan yunit 1. Injin sanyi wat 400, awa 8, yunit 3.2. Jimla kusan yunit 12 a yini, 360 a wata. Kowa ya sa ƙarfin nasa kayan ya buga, ya ga ko aljihu zai ɗauka.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Rashin fitila na kwana ɗaya ko biyu ba ya kashe murjani, amma in ruwa ya daina motsi iskar numfashi ta kan ƙare cikin 'yan awoyi, kifi su fara mutuwa. Don haka batir da inbata, ko janareta, suna cikin kayan farko. Aƙalla famfo ɗaya ya kasance a kan batir. Da ya ke ruwan gishiri yana ɗaukar wuta, sai a sa makunni mai yanke ta da kansa in ta yi yoyo, a ɗaga soket sama da ruwa.

HAƘURI KAFIN ZUBA KIFI

Kashin kifi ya kan zama amoniya, ita kuwa dafi ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin ramukan dutse, dangin waɗanda ke ruɓar da taki a gona, su ne ke juya ta ta koma abin da ba shi da cuta sosai. Kafin su yawaita sai an yi mako huɗu zuwa shida. A tanadi kayan gwajin amoniya, da na kalshiyam wanda ake so ya tsaya tsakanin 400 da 450. Kada a sa kifi sai amoniya ta koma sifiri, sa'an nan a riƙa sa su kaɗan kaɗan.

Kamar yadda makiyayi ba ya haɗa sabuwar saniya da garke ranar da ya sayo ta, haka sabon kifi sai ya yi wata guda a wani ƙaramin tanki dabam. Maganin cutar fararen ɗigo yana da jan ƙarfe a ciki, ba shi yiwuwa a zuba shi inda murjani yake.

Har wa yau, murjani mai tauri yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardar izni. Wanda aka yi renonsa a tanki ya fi jure zaman gida, saye shi kuma ba ya rage na teku.

To, mai niyyar wannan kiwo sai ya ɗauki takarda ya jera: daɓe, ruwa, gishiri, tankin ƙasa, famfuna, fitilu, injin sanyi, batir, kayan gwaji, tankin baƙi, da kuɗin wuta na shekara. In lissafi ya fi ƙarfinsa ya rage girman tanki, kada ya rage kayan aiki. Kifi shi ne abin saye na ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.