Taka-tsantsan ko Gaggawa: Matsayin Tsoka a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A jami'o'in Amurka ana buga wani irin ƙwallo mai siffar ƙwai, wanda ɗan wasa kan rungume shi ya ruga da gudu, ko ya jefa wa ɗan'uwansa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi 10. Idan ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Masu horarwa sun daɗe da rabuwa gida biyu. Wasu na bin taka-tsantsan, wato a kutsa sannu a hankali, a cinye lokaci, idan dama ta huɗu ta zo a buga ƙwallo nesa. Wasu kuwa, irin su Chip Kelly wanda ya jagoranci ƙungiyar Jami'ar Oregon daga 2009 zuwa 2012, sun zaɓi gaggawa don hana abokan karawa sararawa.

Asalin wannan muhawara yana cikin tsoka. Kowane hari bai cika wuce daƙiƙa 5 ko 6 ba, sannan doka ta ba da daƙiƙa 40 kafin a sake wani. A irin wannan zabura, tsoka kan ɗebi ƙarfi daga sinadarin ATP da kuma ajiyar fosfokiriyatin, wadda ke ƙarewa cikin kimanin daƙiƙa 10. Kusan rabinta kan dawo bayan hutun daƙiƙa 30, amma cikarta na bukatar minti 3 zuwa 5. Saboda haka ƙungiya mai gaggawa tana auka wa masu tsaron gida kafin rumbunsu ya cika, musamman ƙattan da ke sahun gaba. Wannan ne kuma dalilin da ya sa masana suka fifita atisayen gajeren gudu mai hutu a tsakani a kan gudun dogon zango, domin shi ya fi kama da wasan.

A 2014 aka kawo shawarar hana soma hari sai daƙiƙa 10 sun wuce, don a samu damar canja waɗanda suka gaji. Nick Saban na Alabama da Bret Bielema na Arkansas sun goyi bayanta, amma aka jingine ta, domin ba a gabatar da hujjar cewa gaggawa na ƙara rauni ba.

Babban haɗarin yana wurin atisaye. A 2006 Dale Lloyd na Jami'ar Rice ya rasu bayan atisayen gudu. Yana ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS. Idan mai irin wannan jini ya matsa wa kansa babu hutu, iskar oksijin ta ragu, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwasa su toshe ƙananan hanyoyin jini, tsoka ta fara lalacewa. Daga 2010 hukumar NCAA ta wajabta gwajin sikila a babban rukuninta. A 2018 kuma zafin jiki mai tsanani ya yi ajalin Jordan McNair na Jami'ar Maryland.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS. Wajibi ne mai horar da matasa ya san jinin 'yan wasansa, ya ƙara nauyin atisaye daki-daki, ya tanadi ruwa da hutu, ya kuma tsayar da duk wanda ƙafafunsa suka saki nan take.