ƘANANAN JIRAGEN SAMA DA AKE TUƘAWA DAGA ƘASA

Jama'a, kowa ya san yadda yaranmu ke ƙera mota da kara ko gwangwani. To, a ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Jamus akwai manya da suke irin wannan wasa, amma su jirgin sama suke ƙerawa. Jirgin yana tashi sosai. Ba mutum a cikinsa. Matuƙinsa yana tsaye a ƙasa, riƙe da wani ɗan akwati da ake kira rimot.

Wasu daga cikinsu sukan kwaikwayi jirgin gaske, ba su rage komai ba sai girma. Misali, sai a ɗauki jirgin yaƙin Ingila mai suna Spitfire, a ƙera shi kashi ɗaya cikin shida na girmansa. Idan fiffiken babban ya kai mita 11, na ƙaramin bai cika mita 2 ba. Fenti da lamba da taga, duk iri ɗaya. Mutum kan shafe shekara yana wannan aiki.

YAYA AKE TUƘA SHI?

Akwatin rimot yana da sanduna biyu ƙanana da ake turawa da yatsa. In matuƙi ya tura sanda, sai akwatin ya aika saƙo ta iska, kamar yadda gidan rediyo ke aiko mana da labarai. A cikin jirgin akwai na'urar da ke karɓar saƙon. Ita kuma sai ta umarci wasu 'yan injuna su motsa marafan da ke bayan fukafukai da wutsiya.

Motsin jirgi iri uku ne. Yana karkata hagu ko dama. Yana ɗaga hanci ko ya sunkuyar. Yana kuma juya kai gefe. Marafan fukafukai su ne na karkata. Na wutsiya kuwa su ne na ɗaga hanci da juya kai.

Wannan fasaha ta daɗe. Tun 1898 wani masani mai suna Nikola Tesla ya nuna wa mutanen birnin New York ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa da saƙon rediyo. A lokacin ko jirgin saman gaske bai tashi ba, don sai a 1903 ne 'yan'uwan nan biyu, su Wright, suka tashi da nasu.

INA MATSALAR TAKE?

Ƙaramin jirgi ya fi babba wuyar tuƙi. Iskar da babban jirgi ba zai ko ji ba, ita ce za ta kifar da ƙarami. Ku dubi yadda guguwa ke wasa da ganye, ta bar icce a tsaye.

Kuma matuƙin babban jirgi yana zaune a ciki, jikinsa yana jin duk motsin da jirgin ya yi. Mai rimot kuwa sai abin da idonsa ya gani daga nesa. Kafin ya gani, ya gane, ya motsa yatsa, sau da yawa aikin gama ya gama. Aikin shekara guda sai ya zama tarkace cikin ƙiftawar ido.

NA'URAR DAIDAITA JIRGI

Maganin da aka samo shi ne wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba. Masu wasan suna kiranta jairo. Aikinta shi ne ta ji motsin jirgi, ta gyara shi nan take.

Ga misali. Ku lura da mace ɗauke da tulu a kai. Ko ta yi tuntuɓe, wuyanta yakan gyara zaman tulun kafin ta yi tunani. Ko kuma ku kama kaza ku jujjuya jikinta a hankali. Za ku ga kanta ya tsaya wuri ɗaya. Haka wannan na'ura take yi wa jirgi.

In iska ta ture fiffiken dama ƙasa, na'urar tana ji. Sai ta duba: shin matuƙi ne ya ce a karkata? In ba shi ba ne, sai ta motsa marafai su mayar da jirgin. Tana yin haka sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ɗan Adam ɗin da hannunsa ya kai wannan sauri.

Akwai kuma wadda ta fi wannan. Ita ta san ina ne sama, ina ne ƙasa, kamar wayar hannu da hotonta ke juyawa in an kwantar da ita. Idan mai koyo ya rikice, sai kawai ya saki sanduna, jirgin ya miƙe da kansa.

Asalin jairo faifai ne na ƙarfe mai juyawa da sauri. Duk wanda ya taɓa wasan katantanwa ya san cewa muddin tana juyawa ba ta faɗuwa. Wani Bafaranshe, Léon Foucault, shi ya raɗa masa suna a 1852. A 1914 kuma wani Ba'amurke, Lawrence Sperry, ya gwada shi a jirgin gaske a Faris. Ya saki sitiyari ya ɗaga hannuwa sama, makanikensa ya fita ya tsaya kan fiffike, jirgin bai kife ba. Na yanzu ba faifai a ciki, ɗan guntun lantarki ne mai kamar ƙwayar hatsi.

TSOHON DA JIRGINSA YA ƘETARE TEKU

A watan Agusta na 2003 wani dattijo Ba'amurke mai suna Maynard Hill ya ba duniya mamaki. Shekarunsa 77, idonsa ya yi rauni ƙwarai, kunnensa ma haka. Shi da abokansa suka ƙera ɗan jirgi mai nauyin kilo 5. Suka tashe shi daga gabar Kanada. Na'urar daidaitawa da na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan Adam suka karɓi tuƙi. Ya yi tafiyar kusan kilomita 3,000 a kan tekun Atlantika, cikin kusan awa 39, ya sauka a ƙasar Ailan. Man da ya sha bai cika galan ɗaya ba. Kafin shi sun yi asarar jirage huɗu, amma ba su karaya ba.

ABIN DA NA'URAR BA TA IYAWA

Kada a ɗauka na'urar ta gama komai. In aka ɗaura ta baibai, maimakon ta gyara sai ta ƙara karkatar da jirgin. Shi ya sa gwanaye suke ɗaga jirgi a hannu kafin tashi, su karkata shi, su ga ko marafan sun motsa daidai. In aka cika mata ƙarfi, jirgin sai ya riƙa karkarwa a sama. In an ƙera jirgi nauyinsa ya rinjaya baya, ko gudunsa ya yi ƙasa har iska ta daina ɗaukarsa, zai faɗi ko da na'ura. A wasu gasanni ma an hana amfani da ita, don a ga gwanintar matuƙi tsantsa.

ME YA SHAFE MU?

Irin wannan na'ura ce ke cikin jirage marasa matuƙi da ke kai jini da magani asibitocin karkara. Kamfanin Zipline ya fara haka a Ruwanda a 2016, a Gana a 2019, a Jihar Kaduna kuma a 2022. Abin da ya fara kamar wasa, ga shi ya zama hanyar ceton rai inda hanyar mota ta lalace.

Amma a kula. Farfelar jirgin nan tana yanka kamar wuƙa, batirinsa kuma yana iya kama wuta in ya huje. Idan ɗaya ya faɗo a gonarku, kada a bar yara su taɓa, a sanar da mai unguwa ko dagaci. A Nijeriya, tun 2016 hukumar kula da jiragen sama ta gargaɗi jama'a kada a tashi jirgi marar matuƙi sai da izininta. Duk mai sha'awa ya fara neman izini, ya kuma nisanci filin jirgi, da barikin soja, da kasuwa, da wayar lantarki. Yaron da kuka ga yana ƙera jirgin kara kuwa, kada a kore shi, a ƙarfafa masa gwiwa.