Shirin Shiga Karatun Injiniyancin Kanikanci a Jami'a: Matsayin Harshe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana sharuɗɗan da ake gindaya wa ɗalibin da ke son karanta injiniyancin kanikanci a jami'o'in Nijeriya, sannan a nuna wani shiri da ba a rubuta shi cikin takardun ɗaukar ɗalibai, wato shirin harshe. An ɗauki Keffi ta Jihar Nasarawa a matsayin misali, domin gari ne da ya daɗe da ilmin boko (an buɗe Kwalejin Gwamnati ta Keffi tun 1949), kuma Hausa ce harshen hulɗa tsakanin Gwandara da Eggon da Mada da Fulani da sauran mazauna yankin.

2.0 Sharuɗɗan da Aka Rubuta

Ɗalibi na buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, cikinsu dole a sami Ingilishi da lissafi da fizik da kimistiri. Waɗannan darussa huɗu su ne kuma yake rubutawa a jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Karatun shekara biyar ne, kuma a shekara ta huɗu ɗalibi kan yi kimanin wata shida a masana'anta ƙarƙashin shirin SIWES wanda aka fara a 1973. Akwai wata ƙofar: wanda ya sami difiloma mai kyau, alal misali daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin Nasarawa (an kafa ta a 1983), ana iya ɗaukarsa kai tsaye a aji biyu. Bayan digiri, sai hukumar COREN, wadda doka ta kafa a 1970, ta yi masa rajista kafin ya amsa sunan injiniya. Zanen fasaha da lissafi mai zurfi galibi ba dole ba ne, amma wanda ya yi su a sakandare ba ya shan wahalar da takwarorinsa ke sha a shekarun farko.

3.0 Shirin Harshe

Duk wanda ya tsaya a garejin kanikawa a kan hanyar Keffi zuwa Abuja zai ji yadda Hausa ta wadata da kalmomin aro: fistan, filogi, giya, birki, sitiyari, salansa, sifana. Yaron gareji ya san su kaf, har yana sarrafa su bisa ƙa'idar harshen, ya ce "giyoyi". Ke nan sunayen abubuwan da ake iya taɓawa da hannu ba su ne matsala ba. Matsalar tana ga ma'anonin da ido ba ya gani, waɗanda kuwa a kansu aka gina fannin baki ɗaya.

A ɗauki kalmar "ƙarfi". A bakin Bahaushe ta ƙunshi abubuwa huɗu da injiniya ke rarrabewa: turi ko ja da ake aunawa da niyuton, da kuzarin da ake aunawa da jul, da yawan kuzarin da inji ke bayarwa a kowace daƙiƙa wanda ake aunawa da wat, da kuma juriyar ƙarfe kafin ya karye. Haka "nauyi" take. Buhun masara mai kilogiram 100 yana danna ƙasa da niyuton 981 ko kusa da haka. Da za a kai shi duniyar wata, kilogiram ɗin suna nan yadda suke, amma dannawar za ta koma kashi ɗaya cikin shida. Abu biyu ne, Hausa ta ba su suna ɗaya. Ita ma "zafi" haka: kofin shayi ya fi randar ruwan ɗumi zafi idan aka saka ma'auni, amma kuzarin da ke ƙunshe cikin ruwan randar ya ninka na kofin. Mafi ban mamaki ita ce "aiki". Ɗan dakon da ya tsaya cak da kaya a ka har ya jiƙe da gumi, a hukuncin fizik bai yi wa kayan aikin komai ba, tunda bai gusar da su ba.

Wannan ba aibin Hausa ba ne. Ingilishin kasuwa ma yana cakuɗa waɗannan ma'anoni. Masana ne suka zauna suka keɓe wa kowace kalma iyaka. Bambancin shi ne ɗalibinmu yana ɗaukar kaya biyu lokaci guda, baƙon harshe da baƙuwar ma'ana. Ga ɗan Eggon ko Mada kuwa, wanda Hausa ce harshensa na biyu, Ingilishi na uku ne. Abin da yakan biyo baya shi ne hadda: ɗalibi ya haddace ƙa'ida ya ci kiredit, amma a aji biyu, inda ake nazarin zafi da motsin ruwa da juriyar ƙarafa, sai haddar ta kasa ɗaukarsa.

4.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masana Harshe

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekarun farko na firamare, kuma gwajin shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna ana iya koyar da lissafi da kimiyya da Yarabanci. A Hausa, littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya fi karkata ga harshe da adabi. A ganina, kimiyyar sakandare ce ke buƙatar irin wannan aiki yanzu, kuma ba mu kaɗai za mu yi shi ba. Sai an zauna da malaman tsangayar injiniya, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello, da malaman fizik na sakandare, da su kansu kanikawa, a fara da kalmomi huɗun nan, a yanke wadda za ta riƙe "ƙarfi" da waɗanda za a nema wa sabon suna.